KUNNUWAN 'YAR ZAHWA

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa Ummu Karam ta gudu ta bar mu a tsakiyar labari, ban gudu ba, wayata ce ta faɗa bokitin ruwan doki. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa alfadari ma halittar Allah ne, na ji, na gode, ki zo garinmu Sharƙiyya ta ƙasar Masar ki gaya wa mijina da bakinki.

To.

Ranar da arba'in ta cika, da hantsi na iske mijina Garib tsugune a ƙofar barga ya zuba tagumi. Shayin da na kai masa ya huce har ƙuda ya faɗa ciki.

Na ce, "Abu Karam, sun ƙara tsawo?"

Bai ko ɗago ba.

"Sun ƙara."

Na leƙa. Ga Zahwa, goɗiyarmu, tana cin ciyawa hankali kwance, sai ka ce ba ita ta jawo mana wannan abin kunyar ba. Zahwar da in ta shiga fili aka saki algaita, tsofaffi ke share hawaye da hannun riga. Zahwar da in mai lissafin asali ya fara jero uwayenta sai yawun bakinsa ya ƙafe. Ga 'yar da ta haifa mana a gindinta tana tsotso, kunnuwa biyu a miƙe kamar ganyen masara.

Alfadara ce, jama'a. Mun duba ta gaba, mun duba ta baya, mun duba ta da tabarau ɗin maƙwabci. Alfadara ce.

Wanda ya shigo yau, ga inda matsalar take. Zahwa ba sayenta muka yi ba. Hajji Mitwalli, mai dawakin asali na yankinmu, shi ya ba Garib ita tana duƙusa, a kan sharaɗin da kowa ya sani a nan: 'yar fari mace tasa ce, kuma babu ingarman da zai hau ta sai nasa, Barrak. In jini ya ɓaci, ya zo ya kwance abarsa daga turke ya tafi. Garib ya ƙarar da ƙarfinsa yana koya mata taku, kuma gurasar gidanmu a ƙafafunta take. Biki, suna, maulidi, duk inda aka buga ganga mu ake kira.

Da aka haifi wannan abar, Garib ya aika wa Hajji cewa saboda kambun baka ba mai ganin jaririya sai an yi arba'in. Yau ga arba'in. Yau kuma bikin jikan Hajji. Zahwa za ta yi rawa bayan la'asar, 'yarta a bayanta kamar yadda aka saba don kunnenta ya saba da kiɗa.

Kunne kuwa akwai shi.

Garib ya ce, "Jakin ƙanenki ne."

"Sobhi?"

"Wa ke shigo mana da ciyawa kullum a lokacin in ba shi ba?"

"Abu Karam, sau nawa zan gaya maka jakar Sobhi mace ce? Mace! Haihuwarta ta ƙarshe kai ka karɓa da hannunka."

"To ai tana da 'yan'uwa."

"A aljihu yake zuwa da su?"

Ya ɗauki shayin ya kurɓa, da ƙudan da komai.

Muna cikin haka sai ga sallama. Rayyis Shahat ne, shugaban masu busa, abokin Garib tun suna yawo ba wando. Algaitarsa a hammata, tumbinsa ya riga shi shigowa.

"Mu'allim Garib! Ina amaryar Barrak? Yau dai arba'in, ba wanda zai hana ni ganin 'yata."

Garib ya tare ƙofa. "Tana barci."

"Zan yi mata busa a hankali."

"Tana mura."

"Kauce, malam."

Ya ture shi da ciki ya shige. Muka ji shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ko ya suma. Can sai ga wani sauti kamar an taka agwagwa, sai ga Shahat ya fito da rarrafe, hawaye shaɓe-shaɓe, yana dukan ƙasa.

"Wayyo cikina! Garib! Wayyo Allah! Kunnuwan... kunnuwan!"

"Rufe min baki, maƙwabta na ji!"

"Ai na gaya maka! Ban gaya maka ba? Na ce Garib, mu ajiye cokalin nan mu fita mu duba, ka ce bari a kawo shayi tukuna!"

Sai dariyar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya dube ni. Garib ya dubi sama, yana neman wani abu a jikin rufin da babu shi.

Na jawo kujera na zauna. Na gyara mayafina.

"Wane cokali, Rayyis?"

"Cokali? Na ce cokali?"

"Ka ce cokali."

"Tsufa ne, Ummu Karam. Bakina yana faɗin abin da ban aike shi ba."

"Abu Karam."

"Na'am."

"Ranar da ka kai Zahwa gonar Hajji barbara, su wa suka tsaya shaida?"

"Ni da Shahat."

"Kun tsaya?"

"Mun tsaya mana."

"A ina?"

Garib ya dubi Shahat.

"Na ce a ina kuka tsaya?"

Shahat ya ce a hankali, "A falo."

Kun san dai yadda ake yi a wurinmu. Ba a kai goɗiyar asali wurin ingarma sai da maza biyu a tsaye, ido buɗe, daga farko har ƙarshe. In an gama su ɗora hannu a Alƙur'ani su ce mun gani. Wannan rantsuwar ita ce asalin doki. In babu ita, ko da fuka-fukai aka haifi duƙushi, dokin amalanke ne.

Na ce, "Ku ba ni labari. Kada ku rage ko gishiri."

Garib ya fara murza hularsa. "Barrak ya tsufa, kin sani. Mai kula da shi ya ce sai an lallaɓa shi, ba ya son a tsura masa ido."

"Sai?"

"Sai Hajja, matar Hajji, ta aiko cewa abinci ya sauka."

"Wane abinci?"

Shahat ya lumshe ido, har yanzu abin na masa daɗi, marar kunya. "Tattabaru, Ummu Karam. Cushe da shinkafa. An soya su da man shanu har sun yi ja."

"Ɗaya kawai muka ce za mu ci," in ji Garib.

"Kuka ci nawa?"

"Ba a ƙirga abincin mutane."

"Bayan nan?"

"Shayi."

"Bayan shayi?"

"Akwai fanka a falon," in ji Shahat. "Ga darduma mai laushi."

"Kuka yi barci."

"Mun ɗan kishingiɗa."

"Zahwa tana ina duk wannan lokacin?"

"Da muka fito mun same ta a garken baya tana kiwo. Mai kula da Barrak ya ce an gama, albarka."

"Garken baya. Inda jakunan ɗaukar taki suke kwana."

Shahat ya sosa ƙeya.

"Kuka ɗora hannu kuka rantse kun gani."

Garib ya ce, "Ai mun ga Barrak. Yana tsaye. Ya yi kama da wanda ya gaji."

Wallahi ban san lokacin da takalmina ya bar ƙafata ba. Shahat ya sunkuya, takalmin ya sami buhun sha'ir.

"Kwana arba'in! Kwana arba'in kana zagin ƙanena, ka hana shi shigowa gidan nan, ka sa na daina gaisa da matarsa, ashe tattabara ce ta haifa mana alfadara!"

"Ki rage murya, don girman Allah."

"Ba zan rage ba! Tashi mu je wurin Hajji yanzu. A gonarsa aka yi ɓarnar, jakinsa ne, shi zai ji kunya ba mu ba."

Na miƙe. Garib ya riƙo gefen mayafina. Tunda na aure shi bai taɓa riƙe ni haka ba.

"Atiyat."

In ya kira sunana na yanka, to abin ya kai.

"In na ce a gonarsa ne, zai ce ina shaidu? In na ce ba mu gani ba, na zama mutumin da ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya saboda tattabara. Wa zai ƙara kirana biki? Wa zai ƙara karɓar maganata a kan doki? Kuma duk da haka zai ɗauke ta. Jini ya riga ya ɓaci."

Ya juya ya dubi Zahwa. Ita kuma ta miƙo wuya ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa, yadda take yi kullum in tana neman sukari.

Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa. Mutumin nan lokacin da Zahwa ta yi ciwon ciki, a bargar ya tare har ta warke, ni da na haifi Karam ma ban ga wannan hidimar ba. In aka fitar da goɗiyar nan daga gidan nan, gawar Garib za a bar min tana yawo.

Na koma na zauna. "To yanzu ya za a yi?"

Shahat ya share hawayen dariyarsa ya matso. "Yau kawai muke buƙata. Hajji ba zai karɓi 'yar ba sai an yaye ta. In muka tsallake yau, muna da watanni. Kafin nan Allah Ya kawo mafita, ko Ya ɗauki ran wani a cikinmu."

"Kunnuwan fa?"

"Hula. A ɗinka mata hular ado, irin ta manyan dawaki, da tuntaye da shuɗin dutsen kambun baka. A kwantar da kunnuwan a ciki. Idon Hajji ya yi rauni, kuma ba ya sa tabarau a gaban mutane, wai kada a ce ya tsufa."

"Kukan fa? Ka taɓa jin kukanta? Tana farawa da haniniya kamar 'yar mutunci, sai ta ƙarasa da na ubanta."

Shahat ya ɗaga yatsa. "Jaki ba ya iya kuka sai ya ɗaga wutsiya. Kakana da ya yi fatauci, in suna son su wuce wuri shiru, dutse suke ɗaura wa jakuna a wutsiya."

"Wannan ai rabinta ne jaki."

"To rabin dutse za a sa."

Haka na zauna na yanka labulen karammiskin da na zo da shi gidan aure. Ina ɗinki ina tsine wa tattabarun Masar gaba ɗaya. Dutsen da ya dace kuwa aka rasa, wannan ya yi nauyi, wancan ya yi girma. Ƙarshe Garib ya shiga madafa ya fito da 'yar taɓaryar tagullata ta dakan tafarnuwa. Muka naɗe ta a jan ƙyalle, muka ɗinke kamar laya, muka ɗaura a wutsiya.

Alfadarar ta buɗe baki za ta yi kuka. Wutsiya ta motsa, ta kasa tashi. Ta rufe bakin, ta dube mu da mamaki.

Shahat ya ce, "Allah Ya jiƙan kakana."

*

Bayan la'asar filin gaban gidan Hajji ba masaka tsinke. An kafa rumfa, maza a kan kujeru, mu mata a gefe ta wajen baranda. Hajji Mitwalli na zaune a tsakiya da farar jallabiya da sandarsa. A damansa malamin da ya ɗaura auren, yana fama da kwanon nama. A hagunsa kakan amarya, wani tsoho mai dawaki shi ma, wanda suka shekara talatin suna gaisawa da haƙora.

Aka fara fito da dawakin wasu. Suka yi abin da za su iya.

Sai Shahat ya gyara tsayuwa, ya kumbura kumatu, ya saki taken Zahwa. Mai babbar ganga ya ɗauka.

Garib ya shigo a kanta, sirdi na azurfa, bayansa a miƙe, ba za ka ce shi ne mai shan shayi da ƙuda ɗazu ba.

Ku bar ni in faɗa, ko da tawa ce. Zahwa ta yi rawa ranar nan. Ta lanƙwasa wuya, ta ɗaga jela, ƙafar dama, ƙafar hagu, tana taɓa ƙasa kamar ƙasar na da zafi. Ganga ta yi sauri, ta bi ta. Ganga ta lafa, ta tsaya cak a wuri ɗaya tana taku, jikinta na rawa amma linzami ko motsi. Ta je gaban ango ta durƙusa da gwiwa ɗaya. Mata muka saki guɗa. Ni har na manta da abin da ke bayanta.

Sai na ji fili ya ɗauki wata irin sowa.

Na duba. 'Yar banzar nan, da hular labulena a kai, ta tsaya bayan uwarta tana kallon ƙafafunta. Uwar ta ɗaga dama, ta ɗaga dama. Uwar ta ɗaga hagu, ta ɗaga hagu. A kan kiɗa, ba kuskure. Abin da Garib ya shekara biyu yana koya wa Zahwa da sukari da roƙo, wannan ta ɗauke shi a tsaye.

"Allahu Akbar!"

"Kwana arba'in da haihuwa!"

"Jini ba ya ƙarya!"

Shahat ya kusa haɗiye algaitar. Garib yana murmushi, amma daga inda nake ina ganin gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Hajji Mitwalli ya miƙe tsaye. Ya ɗaga sanda, kiɗa ya tsaya. Aka miƙa masa abin magana na lasifika.

"Jama'a, kun gani da idonku. Masu cewa Barrak ya tsufa, ga amsarku. Mu'allim Garib, sauko, zo nan ɗana. Na ba ka amana, ka riƙe."

Garib ya sauko ya sumbaci hannunsa. Na ce a raina, alhamdulillahi, mun tsallake, a kaɗa mu tafi gida.

Sai kakan amarya ya yi gyaran murya. Bai ko nemi lasifika ba, irin muryar nan ce da ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye.

"Taku kam akwai shi, Hajji. Amma ni tunda nake ban taɓa ganin 'yar asali tana rawa wutsiya a ƙasa ba. Dubi uwar, jela a sama kamar tuta. 'Yar kuwa tana share maka fili da tata."

Aka yi 'yar dariya.

Hajji ya juyo. "Laya ce aka ɗaura mata saboda idon irinku."

"Layar ce ta fi ƙarfinta? Kai, wannan malamin ya cika rubutu. Hular fa? Sanyi take ji?"

Dariya ta ƙaru. Na ga wuyan Hajji ya yi ja.

Garib ya ce, "Hajji, bar shi, yamma ta yi, jaririyar ta gaji..."

"Ba inda za ta!"

Ya ɗaga abin maganar har yana taɓa gashin bakinsa.

"Ni za a koya wa doki? Ni da aka haifa a barga? Wannan takun na kakar Barrak ne, na san shi kamar tafin hannuna! Ku saurara duka. Na rantse da aurena, in wannan ba 'yar Barrak ba ce, matata ta saku, saki uku!"

Ku da kuke nesa kada ku zaro ido. Mazanmu haka suke, a kan zaƙin kankana ma sai mutum ya rantse da sakin matarsa, a yi dariya a wuce. Amma ba a lasifika ba. Ba a gaban gari guda ba. Kuma ba a gefen malamin da ke ɗaura aure yana warwarewa ba, wanda na ga ya ajiye ƙashin da yake gwagwiya ya goge hannu.

Hajji ya taka da kansa har wurin 'yar. Garib ya sha gabansa.

"Hajji, don Allah, malamin da ya rubuta layar ya ce in aka kwance..."

"Matsa."

"Ya ce wanda ya kwance zai yi..."

"Na ce matsa!"

Ya kama ƙyallen ya fizge. Ɗinkina ne, na gaggawa. Ya yage. Taɓaryar ta faɗo kan dutse, ƙwal, ta gangara har gaban kujerar kakan amarya. Tsohon ya ɗauka, ya shinshina.

"Tafarnuwa," ya ce.

Wutsiya kuwa da ta ji sakayau sai ta tashi. Ta tashi sama sosai, kyakkyawa, har ta fi ta uwar.

Hajji ya daka tsalle kamar yaro. "Kun gani! Kun gani! Ina mai magana? Ga jela!"

Na rufe idona.

Ta fara da haniniya, siririya, mai daɗi. Hajji ya kai mata abin maganar baki don kowa ya ji.

Sai ta ƙarasa.

Jama'a, kukan rabin yini da aka danne, duk ta sako shi a lasifika. Tana ja tana saki, tana ja tana saki. Tattabarun kan rufi suka watse. Jariri ya fashe da kuka a bayana. Da ta gama sai ta girgiza kai don jin daɗi, hular labulena ta yi gefe, kunnuwan nan biyu suka miƙe tsaye, ɗaya bayan ɗaya.



Na nemi Shahat, na hango tumbinsa yana ƙoƙarin ɓuya bayan mai ganga.

Hajji ya laluba aljihu. Ya fito da tabarau, a gaban kowa, ya sa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya, ya miƙa hannu ya kama linzamin Zahwa.

"Saki."

Garib bai saki ba.

"Hajji, ka ji tausayina. Ka ɗauki gidan, ka bar min ita."

"Ka ɓata jinin da kakannina suka tsare tun kafin a haifi ubanka. Ka sa ni na zama abin dariya a bikin jikana. Sharaɗi sharaɗi ne. Saki linzamin nan, Garib."

Na ga yatsun mijina suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Zahwa ta juyo tana shinshina aljihunsa. Wallahi zuciyata ta karye, na ji kamar ɗana ake ƙwacewa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kutsa cikin mata har inda uwargidan Hajji take zaune a kan kujera mai hannu. Hajja Nafusa, shekara hamsin a gidan, mace mai magana ɗaya. Na durƙusa a gabanta.

"Hajja, kin ji rantsuwar da ya yi?"

Tana jan carbi. Ba ta dube ni ba.

"Kurma ce ni?"

"To in ya tafi da Zahwa, ya yarda kenan 'yar ba ta Barrak ba ce. In kuwa ba ta Barrak ba ce..."

"Na iya lissafi, 'yata. Riƙe min jakata."

Ta miƙe. Ta gyara baƙin mayafinta. Ta sauka daga barandar nan a hankali, ina bin ta da jaka, ta ratsa tsakiyar maza, suna darewa. Hajji ya hango ta, sai a lokacin abin da ya faɗa ya dawo masa. Ya juya wurin malam da sauri.

"Malam, ai rantsuwar da aka yi cikin fushi ba ta..."

Malam ya ce, "Fushi kam ka yi, Hajji. Amma ka san abin da kake faɗa, har ka ce mu saurara duka. Mun kuwa saurara."

"To ai kuskure ne..."

"Ni dai ban san doki ba. Kai ne masani. Abin da ka ce ita ce, shi zan rubuta."

Hajja Nafusa ta iso. Ta dubi alfadarar sama da ƙasa. Ta dubi hannun mijinta a kan linzamin Zahwa, ta dubi hannun Garib da ya rage yatsa biyu. Ta karɓi abin maganar daga hannun Hajji kamar tana karɓar cokali a hannun yaro, ta ƙwanƙwasa shi sau biyu ta ji yana aiki.

"Mitwalli."

"Na'am, Hajja."

"Shekara hamsin kana sakina a kan farashin sha'ir, ina yin kamar ban ji ba. Yau gari ya ji."

"Hajja, mu shiga ciki mu yi..."

"A nan ka rantse, a nan za ka amsa. Ga tabarau a idonka. Ga ƙanena can da motarsa, bai kashe ta ba."

Ta kama kunnen alfadarar guda, ta miƙar da shi sama har iya tsawonsa, ta kai wa Hajji abin maganar baki.

"Duba da kyau ka gaya wa jama'a. Wannan 'yar waye?"